KAFIN KA ƊAGA GATARI A SABON GIDANKA



Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah, Wanda Ya saukar da ruwa daga sama Ya rayar da ƙasa bayan mutuwarta. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

'Yan uwa, tun da damina ta fara ja da baya tambaya iri ɗaya take ta zuwa mini, mafi yawa daga mutanenmu na kudancin Kano: Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa. Mutum ya sayi gida, sau da yawa gidan gado ne wanda magada suka daɗe ba su daidaita ba, ya shekara uku ko huɗu a kulle. Ya buɗe ƙofa ya tarar tsakar gida da garka sun zama sunƙuru, ciyawa ta kai ƙirji, rassa sun hau kan rufi. Wanda ya san yankin ba zai yi mamaki ba. Ruwan da ake samu daga Tiga zuwa Riruwai ya fi na arewacin jihar, damina ɗaya ta isa ta mayar da gida ƙanin dajin Falgore.

Wani yana tambaya ko ya halatta ya sare komai ya banka wuta ya huta. Wani ya ce akwai tsohuwar tsamiya a gidan, an ce masa da mutanen ɓoye a kanta. Wani kuma ya ce mangwaron gidan ya yi 'ya'ya, sai ga yaran tsohon mai gida da buhu sun zo tsinka. Amsar dukkansu tana komawa ga ƙa'ida ɗaya, wadda Imamul Bukhari ya ƙulla babi a kanta a cikin Sahihinsa, cewa ilimi shi ne gaba da magana da aiki. Ka san abin da za ka sara, ka san na waye, sannan ka ɗauki gatari.

FILIN DA AKA GINA MASALLACIN ANNABI

Wannan mas'ala ba sabuwa ba ce. Lokacin da Manzon Allah (SAW) ya isa Madina a shekarar hijira, wato 622 miladiyya, filin da taguwarsa ta durƙusa a kai wurin shanyar dabino ne na wasu marayu biyu 'yan ƙabilar Banun Najjar, Sahlu da Suhailu. Anas ɗan Malik (RA) ya ba da labari, kamar yadda Bukhari da Muslim suka ruwaito, cewa a cikin filin akwai itatuwan dabino, akwai kangaye, akwai kuma tsofaffin kaburburan mushrikai. Ka ga, fili ne da aka yi wa sakaci.

To me ya fara yi? Maganar kuɗi ya fara yi. An yi masa tayin kyauta, ya ƙi karɓa daga hannun marayun sai da ya saya. Bayan an gama da haƙƙi sai ya yi wa kowane abu hukuncinsa daban. Aka tone kaburburan, aka baje kangayen, aka sare dabinon. Dabinon da aka sare kuma ba a ƙone shi ba, an jera shi ne a ɓangaren alƙibla ya shiga cikin ginin. Malamai suka ciro daga nan cewa sare bishiya saboda buƙata halal ne. Mu kuma mu lura da tsarin: haƙƙi tukuna, sai tantancewa, sannan sara, abin da aka sare kuma a amfana da shi. Wancan tonon kaburbura na mushrikai ne. Idan ka ci karo da kabarin Musulmi a tsohon gida, ka dakata ka nemi fatawa, domin alfarmarsa tana nan.

NA FARKO: NA WAYE?

A mazhabar Malikiyya, wanda ya sayi fili to bishiyoyin da ke tsaye a cikinsa sun shiga cinikin, ko ba a ambace su ba. 'Ya'yan da suka riga suka ƙullu kafin ciniki hukuncinsu daban. Ibnu Umar (RA) ya ruwaito hadisi a Bukhari da Muslim mai ma'anar cewa dabinon da aka sayar bayan an yi masa barbara, 'ya'yan wannan shekarar na mai sayarwa ne, sai fa idan mai saye ya shardanta. Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani ya kawo wannan a Risala, ya ce sauran 'ya'yan itace ma haka ne, shuka kuma da zarar ta tsiro daga ƙasa ta shiga wannan hukunci.

Saboda haka ɗan uwan da ya sayi gida a watan Maris mangwaro yana ɗauke da 'ya'ya, bai kuma yi sharaɗi ba, yaran nan da suka zo da buhu ba ɓarayi ba ne. Na bana nasu ne, daga baɗi naka ne. Haka masara ko kuɓewar da ka tarar ta tsiro a garka. Wannan ya sa nake roƙon masu rubuta takardar ciniki, da dillalai, da masu unguwanni masu sa hannu, su riƙa ƙara layi ɗaya a kan bishiyoyi da abin da ke kansu. A wasu garuruwanmu ma al'ada ta raba mallakar ɗorawa da mallakar ƙasar da take kai, a sayar da fili a ce ban da ɗorawar, ta wance ce, gadonta ce. Idan ka kira masu injin suka kayar da ita, ka ci haƙƙin wata tsohuwa da take jiran kalwarta duk shekara. Tambaya ɗaya ga maƙwabta ta isa ta raba ka da wannan, matambayi ai ba ya ɓata.

NA BIYU: MENE NE?

Kafin ka sa adda, ka nemo mutum biyu su zaga gidan da kai. Dattijo ko dattijuwar unguwa wadda ta san gidan tun yana raye, da malamin gona, irin na KNARDA ko wani masani. Ka riƙo tsumma ja da fari. Abin da za a bari a ɗaura masa fari, abin da za a cire a ɗaura masa ja, wanda ba a gane ba a ƙyale shi tukuna.

Akwai waɗanda za a fara cirewa tun kafin yara su tare a gidan.

Zaƙami, wanda ake kira haukata-yaro. Furensa fari ne dogo kamar bakin kakaki, ɗansa dunƙule mai ƙayoyi, cike da ƙananan iri. Dukkan jikinsa guba ne, kuma mun san yadda yake juyar da hankalin matasa. A tumɓuke shi da saiwarsa kafin ɗan ya fashe.

Bini-da-zugu, wanda ake shinge da shi. Yara suna fasa 'ya'yansa su ci ƙwayar suna zaton gyaɗa ce, sai amai da gudawa. Zurma ma haka, mai ganye kamar tafin hannu da ƙwaya mai zane-zane, ita gubarta ta fi tsanani.

Tumfafiya. Farin ƙaronta idan ya shiga ido yana yi masa illa, don haka mai saranta ya kawar da fuska, ya wanke hannu kafin ya taɓa ido.

Karara, mai hawa bishiya da katanga. Ƙaiƙayin yana jikin gashin kwanson 'ya'yanta ne. A yanke ta daga tushe tun kwanson bai bushe ba. Wanda ya bari sai hunturu, iska ce za ta raba wa unguwa.

Akwai kuma masu kama da juna. Tafasa da rai-ɗore 'yan gida ɗaya ne, duka furensu rawaya. Ganyen tafasa bakinsa a zagaye yake, shida ne a kowane hannu, uku suna kallon uku, ita ce ake kwaɗo da ita. Rai-ɗore ganyensa mai tsini ne, ya fi yawa, yana da wari idan an murza, ɗanyen irinsa kuma yana cutar da dabba da yaro idan aka ci da yawa. Wanda bai bambance ba, ko dai ya zubar da abinci ko ya ajiye cuta.

Sai waɗanda ake ganin sun mutu alhali suna raye. Gawo a damina yake zubar da ganye, lokacin da kowace bishiya take kore shi yana tsaye tsirara. Kuka kuwa da rani take zubar da nata. Baƙo zai ce busassu ne. Ka kankare ɓawon ƙaramin reshe da farce, in ka ga kore da danshi a ciki, da ranta. Shi ya sa masana suke ba da shawarar duk babbar bishiyar da ba ta barazana ga gini ko rai, a ba ta shekara guda, ka ga raninta ka ga daminarta, kafin ka yanke mata hukunci.

Ku tuna fa, kaɗanya takan kai shekara 15 ko fiye kafin ta fara 'ya'ya. Injin sare itace kuma minti nawa zai ɗauka? Masu gawayi da masu itacen sayarwa za su zo maka da fara'a, su ce Alhaji mu share maka kyauta, mu dai a bar mana itacen. Wallahi ba ciyawar ce ta kawo su ba, ɗorawar da kaɗanyar da tsamiyar suka hango. Duk mai bin hanyar Kwanar Ɗangora zuwa Tudun Wada ya ratsa Falgore ya ga buhunan gawayi a bakin titi, ya san inda itatuwanmu suke tafiya. Kada gidanka ya zama ƙari.

Annabi (SAW) ya ba da labari, a hadisin Anas da ke Bukhari da Muslim, cewa duk Musulmin da ya dasa itace ko ya yi shuka, mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci, an rubuta masa sadaka. Wataƙila wanda ya dasa mangwaron nan yana kabari yanzu, ladansa yana gudana da kowane ɗa da yaro ya tsinta. Kai da ka sayi gidan, idan ka kula da ita ka shiga cikin ladan, idan ka sare ba dalili ka toshe wa mamaci wata ƙofa. Sayyidina Abubakar (RA) ma, a wasiyyarsa ga Yazidu ɗan Abu Sufyan lokacin da ya tura runduna Sham, kamar yadda Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa, ya hana sare itace mai 'ya'ya. A fagen yaƙi ke nan, a ƙasar abokan gaba. To ina ga tsakar gidanka?

NA UKU: SARAN DA YAKE IBADA

Kada wani ya fahimci cewa sare bishiya laifi ne ko ta yaya. Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira (RA) labarin mutumin da aka gani yana jin daɗinsa a Aljanna saboda wata bishiya da ya sare daga kan hanya, wadda take cutar da mutane. Cediya ko durumi ko gamjin da ya tsiro a jikin katanga, saiwarsa za ta tsaga ginin, ta shiga rijiya ko masai. Wannan a cire. Darbejiya, wadda asalinta daga Indiya take, tsuntsaye da jemagu suna watsa irinta, sai ka tarar da ƙanana hamsin a garka ɗaya. Ka zaɓi ɗaya ko biyu nesa da gini don inuwa, sauran a tumɓuke da saiwa, domin kututturenta yana sake toho.

Tsohon mangwaro ko gwaba ko lemon da ya yi duhu, gyara yake so. A fara da busassun rassa da masu gugar juna. Kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na rassansa a shekara guda. Mangwaro bayan an gama cin 'ya'yansa ake rage shi, wanda ya datse shi yana fure ya yi asarar shekara. Babban reshe kuma a fara yi masa tsaga ta ƙasa kafin a yanka ta sama, don kada ya faɗi ya ɗaye ɓawon uwar. In mai aure ne, duk tohon da ya fito ƙasa da wurin auren a cire shi, domin na tushen ne, zai ƙwace abincin.

Ku duba sama kuma ku nemi kauci. Tsuntsu ne yake kawo irinsa ya manna a reshe, ya tsiro ya soka saiwarsa cikin itacen yana shan ruwanta. Fizge ganyensa ba ya kashe shi, sai an yanke reshen daga ƙasa da inda ya kama.

A ƙasa kuma akwai tofa da kiri-kiri da aya-aya, masu rayuwa a ƙarƙashin ƙasa. Tofa in ka ƙone ta ka yi mata gata, za ta fito sabuwa fil ta fi da. Maganinta a kafce da rani, a fito da jijiyoyin rana ta busar da su, a maimaita. Ciyawar da ba ta yi iri ba kuma dukiya ce: ta dabbobi a ba dabbobi, gamba a yi zana, saura a zuba a rami a rufe ta zama taki.

NA HUƊU: MAƘWABCI DA WUTA

Ƙa'idar shari'a ita ce ba a cutarwa, ba a kuma rama cuta da cuta, hadisin yana cikin Muwaɗɗa da Ibnu Majah. Idan rassan bishiyarka sun haura gidan maƙwabci suna ɓata masa rufi, yana da haƙƙin ya ce ka rage, kai ma kada ka jira sai ya faɗa. Idan nasa ne suka shigo naka, ka yi masa sallama ku yi magana kafin ka sa adda. Sabon zuwa ne kai, kada gaisuwarku ta farko ta zama a gaban mai unguwa. Mai hawa bishiya kuma a sanar da gidajen da ke kewaye kafin ya hau, saboda iyalin mutane suna tsakar gida.

Wuta kuwa, ina jan kunne sosai. Lokacin kaka ne, masara da dawa da shinkafar mutane suna tare a gonaki da kofar gidaje, ga iskar hunturu tana tafe. Tartsatsi ɗaya ya isa ya cinye noman shekara, kuma wanda ya kunna wuta cikin iska da sakaci shari'a tana ɗora masa biyan abin da ta ci. Ban da haka, akwai rayuka a cikin sunƙurun nan. Abu Dawud ya ruwaito daga Ibnu Mas'ud (RA) cewa Annabi (SAW) ya ga gidan tururuwa da sahabbai suka ƙone ya yi inkari, ya nuna azaba da wuta ta Ubangijin wuta ce. A wannan tafiyar ce ya sa aka mayar wa wata tsuntsuwa 'ya'yanta da aka ɗauke. In ƙonawar ta zama dole, kamar ƙaya da irin zaƙami, a tara a wuri guda nesa da danga, a zaɓi lokacin da iska ta kwanta, a ajiye ruwa a kusa, kada a tashi sai ta mutu.

Maganin feshi ma haka. Kada a fesa kusa da rijiya, kada a fesa iska tana kaɗawa gonar wani, kuma don Allah kada a juye ragowarsa a robar lemo a ajiye a ɗaki.

NA BIYAR: MACIJI DA MUTANEN ƁOYE

Gidan da ya daɗe a rufe ba ya rasa maciji, kuma kububuwa ba ta wasa. Mai sassabe ya sa takalmin roba mai tsawo, ya riƙa buga ciyawa da doguwar sanda kafin ya taka, kada ya tura hannu ƙarƙashin tulin itace ko bulo. Idan tsautsayi ya faɗa, asibiti kai tsaye. Ban da tsagawa, ban da tsotsa, ban da ɗaure wurin tamau. A yi addu'a a kan hanya.

Game da macijin da aka gani a cikin gidan zama, akwai hadisin Abu Sa'idil Khudri (RA) a Muslim da Muwaɗɗa, na saurayin nan ango a lokacin yaƙin Khandaƙ, wanda ya soke maciji a kan shimfiɗarsa shi ma ya faɗi ya rasu. Annabi (SAW) ya yi umarni a riƙa yi wa macizan gida gargaɗi kwana uku kafin a kashe. Wasu malamai sun ce wannan na Madina ne kaɗai, Imamu Malik ya fi son a yi shi a ko'ina. Na daji kuwa ba ya buƙatar gargaɗi. Ko a wane ra'ayi, ba a barin yara su kwana inda aka ga maciji.

Sai babbar magana, wadda ta fi duk abin da ya gabata nauyi. An ce maka tsamiyar gidan tana da iskoki, sai an yanka baƙin bunsuru ko jan zakara a gindinta kafin a tare. Ɗan uwa, aljanu gaskiya ne, Alƙur'ani ya tabbatar da su. Amma yanka don neman yardarsu shirka ce, kuma hadisin Sayyidina Ali (RA) a Muslim ya zo da tsinuwa a kan mai yanka don wanin Allah. Suratul Jinni ma ta ba da labarin mutanen da suke neman tsarin aljanu, ba su ƙara musu komai ba sai wahala. Ka sayi gida da halalinka, kada ka buɗe shi da abin da zai rushe tauhidinka. Tsamiya bishiya ce. In tana da amfani ka bar ta ka sha kununta, in tana rusa gini ka ambaci sunan Allah ka sare. In ka tarar da layu ko ƙulle-ƙulle a rataye ko a binne, ka karanta Falaƙi da Nasi, ka warware ka lalata su, ba sai an kira boka ba. Ka karanta addu'ar sauka a masauki wadda Khaulatu 'yar Hakim (RA) ta ruwaito, ka kuma lazimci Suratul Baƙara a gidan, domin Annabi (SAW) ya ce Shaiɗan yana gudun gidan da ake karanta ta.

Daga ƙarshe 'yan uwa, gidan nan ba wanda ya shuka masa zaƙami da karara. Rufe shi kawai aka yi aka tafi, iska da tsuntsaye suka yi sauran. Zuciyar da aka bari ba karatu ba zikiri haka take cika, yaran da aka bar wa waya da titi su ma haka. Mai gyara kuma, a gida ne ko a cikin iyali ko a cikin al'umma, idan ya zo da zafin kai ba ilimi, sai ya haɗa zogale da zaƙami ya sare. Da yawa daga cikin masu sabon shiga harkar addini haka suke yi wa iyayensu da garinsu, komai suka tarar sai su ce a cire. A tambaya tukuna. Icce kuma tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah Ya sanya albarka a gidajen da aka saya, Ya sa a shiga lafiya, Ya haɗa mu da maƙwabta na gari. Allah Ya jiƙan waɗanda suka dasa muka ci, Ya ba mu ikon dasa wa na bayanmu. Wallahu a'alam.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.